Makantar Yusha'u Direba

Ka shiga Rogo yau ka tambayi Yusha'u direba, za a ce maka, "Wanne? Wanda idonsa ya mutu?" To ni Ɗantala mai faci, da nake zaune a bakin tasha tun gemuna yana baƙi, ina gaya maka ƙarya ce tsagwaronta. Idon Yusha'u ƙalau yake, ya fi nawa ya fi naka. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, da bakinsa ya shirya wa kansa wannan ƙaryar.

Mutumin ƙauyen Fulatan ne, ɗan manoma. Ya shigo Rogo yana saurayi, yana dakon buhunan gyaɗa a gidan Alhaji Badaru mai fataucin hatsi. Daga dako ya koma wankin mota, daga wanki ya koyi tuƙi, har ya zama shi ke jan Alhaji ko'ina. Shekara ashirin da takwas, ko kaza bai taɓa takawa ba. Gonar gadonsa ya bar wa ƙannensa, ya ce shi ya samu tasa gonar. Makullin motar nan da yake ɗaurewa a mazugin wando, shi ne abincinsa, shi ne kuma mutuncinsa a gari.

Wannan makullin Nasiru yake so ya karɓe. Nasiru babban ɗan Alhaji ne, ya gama karatu a Kano ya dawo yana juya harkokin gida. Yusha'u ne ya kai uwarsa asibitin Karaye ranar da za ta haife shi, shi ya dawo da shi gida a cikin zane. Amma ɗan yau ina ruwansa? Yana da wani abokinsa da yake so ya ba tuƙin, sai ya shiga yi wa uban famfo: Baba Yusha'u ya tsufa, tafiyar hawainiya yake yi, da alama idonsa ya fara rauni. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yusha'u ya ji komai, ya ƙara kaffa-kaffa da aikinsa.

Kaffa-kaffa kuwa tun asali halinsa ce, musamman kan waifa, 'yan sandunan nan masu bakin roba da ke share ruwa a gilashin gaba. Mu nan wata bakwai rana tana gasa robar nan ba wanda ya tuna da ita, sai hadari ya haɗo ka ga direbobi suna goga albasa a gilashi. Ban da Yusha'u. Da manoma sun fara sharar gona zai ciro tsofaffin, ya saƙala a hammata, ya tafi Karaye wurin masu kayan mota. Ba ya saye da ka. Sai ya jera sabuwa da tsohuwa ya gwada tsawo, don ta ɓangaren direba doguwa ce, ta ɗaya ɓangaren gajeriya. Ya duba ƙugiyar ko za ta zauna daram, ya lanƙwasa robar ya ga ko ta bushe a shago. In ya ɗaura, sai ya zo rumfata ya ari butata ya kwarara ruwa a gilashi. Nakan ce masa, "Kai dai da mace kake zaɓa haka da ka huta." Ya ce, "Mace tana yafiya, Ɗantala, hanya ba ta yi."

Bara waccan, ana saura kwana biyu ya tafi Karaye, Nasiru ya dawo daga Kano da tsaraba. A zaure, gaban uban da mutane, ya miƙa masa wani dogon kwali mai walƙiya. Waifa ce guda biyu, masu jan layi a baya, tsawonsu ɗaya, kuma mafi tsawo da ya samu a kasuwa. Wai doguwa ta fi sharewa. Kai jama'a! Alhaji ya washe baki ya ce, "Ka gani ko, Yusha'u? Yaron nan ya fara hankali. Je ka ɗaura mu gani."

Da kallo ɗaya Yusha'u ya san ba na motar ba ne. Amma a gidajen nan ba a mayar da hannun kyauta baya, bare bara ya kushe tsarabar ɗan maigida a gaban ubansa. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "An gode, Allah ya ƙara buɗi."

Rumfata ya kawo motar. Ƙugiyar ta ƙi zama, sai da ya ɗaure da waya. Muka zuba ruwa, ya kunna a hankali, muka ga bakinsu yana gogar juna a tsakiya.

Na ce, "Yusha'u, cire tsiyar nan ka jefa a but ɗin mota, ka sayo na gaskiya."

Ya ce, "Kullum da safe Alhaji zai tsaya ya kalli jan layin nan yana jin daɗi. In na cire, me zan ce masa?"

"Ka ce ɗansa bai san komai ba!"

"Haba Ɗantala. Yaron da na ɗauko a zane? Bari a kwana biyu, ɗokin ya wuce, sai in sauya ba wanda ya lura."

Ruwan bai jira ɗoki ya wuce ba. Ranar Laraba bayan azahar suka tashi zuwa ta'aziyya a Karaye, Alhaji a gidan gaba. Suna tsakiyar hanya sama ta ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Dole Yusha'u ya ƙara wa waifa gudu. Sau uku suka kai suka komo, a na huɗu suka sarƙe da juna, ta ɓangaren direba ta fizge ta yi sama. Gilashi ya koma fari fat. Ya leƙo da kai ta taga yana neman gefen da zai tsaya, taya ta zame a laka, motar ta gangara ta daki bakin kwalbati. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Fitila ɗaya ta fashe, goshin Alhaji ya tsage, aka yi masa ɗinki huɗu.

Washegari zaure ya cika da 'yan jaje, ni ma ina ciki. Nasiru yana tsaye a bayan ubansa, idanu duk sun yi zuru-zuru, don ya ga motar, ya ga sandar da ta rage da wayar a jiki. Alhaji ya sa aka kira Yusha'u. Ka riƙe wannan: Alhaji a gidan gaba yake zaune, da idonsa ya ga waifar nan ta tashi. Amma ya dubi mutumin da ya yi masa bauta shekara ashirin da takwas ya ce:

"Yusha'u, faɗi gaskiya a gaban mutane. Daga motar ne, ko daga idonka ne?"

Wallahi na yunƙura zan yi magana, Yusha'u ya danne mini ƙafa. Ya dubi Nasiru, ya dubi ƙasa.

"Daga idona ne, ranka ya daɗe. Ya kwana biyu yana yi mini hazo."

Zaure ya ɗauki "Allah sarki" da "Allah ya sawwaƙe." Alhaji ya sauke ajiyar zuciya, ya yaba masa da riƙon gaskiya, ya sa aka ba shi buhun masara da turmin yadi. Yusha'u ya kwance makullin daga mazugi ya ajiye a kan tabarma. Ni kuwa na tashi na fita ko sallama ban yi ba, don in na buɗe baki sai an kira mini 'yan sanda.

Ya zaci makulli ɗaya ya ajiye. Ashe duk makullan Rogo da Karaye ya ajiye. Wa zai ba makaho mota? Ya je tasha neman ko ta haya ce, shugaban direbobi ya riƙe hannunsa ya ce ya je ya huta. Wani ɗan kasuwa a Gwangwan ya yi niyyar ɗaukarsa, aka kai masa labari, ya fasa. Na roƙe shi ya bar ni in faɗi abin da na sani, ya ce in na yi haka na mai da shi maƙaryaci a gaban zaure guda, kuma ba shi ba ni. Yanzu a rumfata yake wuni, yana taya ni nemo hudar tayoyi a cikin ruwa. Ƙaramar hudar da ni ba na gani, shi yake nuna mini da yatsa.

Juma'ar da ta wuce muna fitowa daga masallaci, ga kwata a gabanmu, wadda Yusha'u yake tsallakewa tun kafin a haifi rabin mutanen wurin. Sai ga Nasiru cikin farar shadda ya ratso jama'a da sauri, ya kama hannunsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Baba, a hankali, akwai kwata a gabanka."

Mutane suka shiga sa masa albarka, wai ga ɗan halak da bai manta da tsohon baran gidansu ba. Na zuba wa Yusha'u ido, ina jira ya fizge hannunsa ko sau ɗaya a rayuwarsa. Bai fizge ba. Ya miƙa ƙafa yana laluben bakin kwatar kamar mai neman hanya, ya ce, "Na gode, ɗana."