Kawu Sada da 'Ya'yansa na Ƙasashen Sanyi

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallon ƙwallo na Mannir a nan Ƙanƙara ya san bencin Kawu Sada: na ƙarshe, dab da ƙofa. Ba don shan iska yake zama wurin ba, don gudu ne. Kun kuma san abin da yake yi in alƙalin wasa ya ba da fenareti, muddin ɗan Larabawa ne zai buga. Sai ya juya wa talabijin baya, ya jawo babbar rigarsa ya lulluɓe kai, ya toshe kunnuwa da yatsu, yana magana daga cikin riga: "Rabe, in ta shiga ka dafa ni. In ba ta shiga ba ka ƙyale ni haka nan!"

Ni ne Raben, ɗan ƙanwarsa, kuma shekara da shekaru wannan ne aikina na Asabar da Lahadi, sauran ranaku kuma ina koyar da 'yan firamare.

Allah ya ji ƙan Kawu, ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba, shi kuma ko kunyar abin ba ya ji. Tsawa, kare, gada, babur in ya wuce giya biyu, duk abokan gabarsa ne. A da dariya muke yi masa. Da 'yan bindiga suka cika dajin nan, sai ga mu duk mun koma irinsa, har mu ne ke zuwa tambayarsa ta wace hanya ya fi kyau a bi in ta ɓaci. Ya kuwa sani. Kowane lungu na garin nan ya auna shi da ƙafa.

In ka tambaye shi wane kulob yake goya wa baya, sai ya harare ka. "Ni ba ni da kulob. 'Ya'ya gare ni."

'Ya'yan nan kuwa su ne duk wani ɗan Larabawa da ke buga ƙwallo a ƙasar da ba tasa ba. Dalilin shi ne, da ƙuruciya Kawu ya yi shekara uku a Libiya yana aikin gidan burodi. Ran da aka zo kamen baƙi, Balaraben da yake wa aiki ya tura shi bayan buhunan fulawa ya zauna a bakin ƙofa har suka wuce. Kawu ya fito fari fat, yana atishawa, ya yi rantsuwa cewa duk ɗan Balaraben da ke baƙunta amanarsa ne. Littafi guda ya ajiye, irin na 'yan makaranta, ya rubuta sunayensu da ajami: sunan yaro, ƙasar ubansa, ƙasar da yake wasa, sai layi na ƙarshe, "akwai sanyi" ko "babu sanyi". In 'ya'yan nasa biyu suka haɗu a wasa ɗaya, kowa da kulob ɗinsa, sai ka ji shi a bencin baya: "Allah ka sa a tashi canjaras, kada a ɓata zumunci."

Akwai wanda ya fi so duk cikinsu, wani siririn yaro mai buga gaba a wani kulob na Jamus, haifaffen Iraƙi. Ɗan Bagadaza yake ce masa. Shekara biyu cur Kawu na sa shi a addu'a bayan kowace sallar la'asar. Rannan yaron ya ci ƙwallo, mai kyau kuwa, da ka. Kawu ya miƙe yana kabbara. Sai yaron ya durƙusa a gefen fili, ya taɓa goshi, ya taɓa ƙirji, ya taɓa kafaɗa hagu da dama.

Kawu ya katse kabbarar cak.

Mannir ya fashe da dariya. "Baba Sada, yau ɗanka ya nuna maka inda yake zuwa ran Lahadi!"

"Ƙuda ne ya kora," in ji Kawu.

Aka sake nuno wurin a hankali. Babu ƙuda.

Ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Rabe, duba mani cikin wayar nan. Mi ya samu yaron ga?"

Na duba. Na ce masa ba abin da ya same shi, dama can ba Balarabe ba ne. Mutanensu Assuriyawa ake ce masu, Kiristoci ne tun kaka da kakanni, da yarensu daban, suna zaune a Iraƙi da Siriya.

"To mi ya kai shi Jamus?"

"Yaƙi. An tashi garinsu shina goye, iyayensa suka gudu da shi."

Ku kun sani, Kawu ma ba ɗan cikin gari ba ne. Daga wani ƙauye kusa da Damari ya zo, shekarar da aka ƙone masu rumbuna, shi da matarsa Inna Habi da tabarma ɗaya da wancan littafin.

"Sun samu sun ɗauki wani abu?"

"Ba a rubuta ba, Kawu."

"Ba su ɗauka ba," in ji shi. "Ba a samun ɗauka."

Mannir bai haƙura ba. "To addu'ar shekara biyu fa, Baba?"

"Na bayar na bayar. Wanda na roƙa ya fi ni sanin ko ɗan wane ne." Ya ciro littafi, ya lashi bakin biro, ya ƙara layi a gaban sunan. Na leƙa. Ya rubuta: "Kirista ne. A ci gaba."

Kun tuna Asabar ɗin da aka ce Kawu ya zama jarumi? Bari in faɗi gaskiyarta yau, har da abin kunyar da ke cikinta, wanda nawa ne. Wajen ƙarfe huɗu da rabi ne, gidan kallo cike, aka ba wani ɗan Maroko fenareti. Kawu ya juya, ya shige riga, ya toshe kunne. Kafin yaron ya ajiye ƙwallo sai muka ji ƙarar bindiga daga yamma, ɗaya, biyu, sai a jere. Wani ya leƙo ya kwarma ihu: "Ga su nan!"

Wallahi ban san yadda na fita ba. Benci ya faɗi, langa-langar ƙofa ta cire, wani ya taka mani hannu. A titi mata na gudu da yara, masu shago na jan ƙofofi, wani mai lemo ya bar baronsa yana gangarawa shi kaɗai. Sai da na kai kwanar gidanmu, numfashi na neman ƙwace mani, sannan na tuna. Kawu! Na wuce ta gefensa, har rigarsa ta shafe ni, ban dafa shi ba.

Na koma ina bin jikin bango. Titin da ya cika ɗazu ba kowa sai takalma. Har lokacin ana harbi jefi-jefi. Na shiga. Janareto na aiki, talabijin na ta surutu, ga Kawu shi kaɗai a bencinsa, kai cikin riga.

Na kama kafaɗarsa. Ya yaye riga yana washe baki. "Ta shiga? Kai, amma fenaretin ga ta yi tsawo!"

Shanu 'yan bindigar suka kora a bakin gari ranar, ba su shigo ba. Washegari labari ya cika kasuwa cewa kowa ya gudu ban da Baba Sada. Abin da ba a faɗa ba shi ne, da na gaya masa abin da ya faru, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, a baron mai lemon nan na turo shi gida. Daga ranar kuwa in zai shiga riga sai ya fara damƙe gefen tawa. "In za ka gudu, mu gudu tare, ɗan banza."

Sai maganar hanyar Faskari. 'Yarsa da ke aure can ta haihu. Kwana shida Kawu na cewa a kai masa gaisuwa ta waya. Inna Habi ta ce, "Malam, jikanka na fari ne. Yaran Turai kana bin su har Jamus, naka na Faskari ya gagare ka?" Ran suna da hantsi muka shiga mota, ni da shi, mu tara a ciki. Shi ya zaɓi tsakiya, wai harsashi sai ya gaji kafin ya iso shi.

Ba mu yi nisa ba, a wata kwana mai duhuwar itatuwa, direba ya taka birki ya ce, "Innalillahi." Babura ne a gicciye. 'Yan bindiga ne, su wajen goma, fuska a naɗe, wasunsu ba su kai ɗaliban da na yaye ba. Suka fito da mu, suka kwantar da mu a gefen hanya, fuska a ƙasa. Ina jin ƙanshin ƙasa da warin fetur, ina jin takunsu a bayan kaina. Babu abin da na iya tunawa ko aya ɗaya.

Sai na ji muryar Kawu a gefena, tana rawa, tana tashi: "Abdulmajid bin Marwan... Abu Zaidin... Nuruddin bin Salihu... Abdulƙahhar..." Da irin muryar Larabcin da ya koyo a gidan burodi. Wata tsohuwa da ke kwance kusa da shi tana amsawa, "Amin. Amin."

Ni kaɗai na san abin da yake karantawa. Tsoro ya goge masa komai daga kai, ba abin da ya rage sai shafin farko na littafi.

Ɗaya daga cikinsu ya zo ya tsaya a kansa, ya laluba aljihunsa, ya zaro littafin. Ya buɗe. Ajami ne layi-layi, ga wasu sunaye an zagaye su da jan biro. Na ga ƙafafunsa sun ja baya kaɗan.

"Tsoho, mine ne wannan?"

"Su... sunaye ne."

"Na wa?"

"Na waɗanda nike ma addu'a."

"Waɗanda aka zagaye da ja fa?"

"Sun karye," in ji Kawu. Gaskiya ya faɗa, masu jinyar rauni ne.

Yaron ya rufe littafin a hankali. Da hannu biyu ya miƙa masa. "Malam, tashi ka koma mota. Ka sa mu a addu'a."

Kawu bai tashi ba. Ya nuna ni da haɓa. "Wannan shi ka riƙa mani buta."

Haka na tsira. Amma ba duka muka koma motar ba. Sun tafi da mutum biyu, wani mai sayar da taki da wani saurayi ɗan garin Sabuwa da zai je ganin mahaifiyarsa. Mai takin ya dawo bayan wata uku, ya rame kamar ba shi ba. Saurayin har yau shiru. A gidan suna aka miƙa wa Kawu jariri, ya kasa riƙe shi har sai da uwar gidan ta karɓe shi. Daga baya na tambaye shi ko ya sa yaron nan mai bindiga a addu'ar. Ya ce, "Na sa shi. Kullum ina roƙon Allah ya kama hannunsa." Sunan saurayin ɗan Sabuwa kuwa ya nemo shi wurin direba, ya rubuta shi cikin 'ya'yansa, shi kaɗai ne Bahaushe a littafin. A layin ƙarshe bai rubuta komai ba.

Ciwon da ya tafi da shi da damina ya fara, tari da zazzaɓi. Kun san sana'arsa, ɗinkin buhu a kasuwar hatsi, yini yake da basilla mai tsawon tafin hannu. To wannan mutumin, da ma'aikaciyar asibiti ta fito da allura 'yar ƙarama, sai muka neme shi muka rasa. A bayan tankin ruwa na same shi a tsugune.

"Kawu, kai da kake soka basilla tun safe har yamma?"

"Buhu nike sokawa! Ka taɓa jin buhu ya ce ya ji daɗi?"

Mu uku muka riƙe shi. Ya kira sunan mahaifiyarsa, ya yafe wa kowa, ya yi kalmar shahada, sannan ya buɗe ido ɗaya ya ce, "To ku yi mana." Matar ta ce, "Baba, ai tun ɗazu na gama."

Kwana tara ya yi a kwance. Ran na ƙarshe da safe ina zaune gefensa, Inna Habi na dama masa kunun da ba zai sha ba. Na ga yana kallon rufin ɗaki, fuskarsa a sake, babu wannan waige-waigen da muka san shi da shi. Na ce, "Kawu, akwai abin da ke damunka?"

Ya ce, "Shi nike mamaki, Rabe. Na duba ko'ina cikin raina, ban ga tsoron ba." Ya ɗan yi murmushi. "Ashe abin ba wuya."

Kafin azahar ya cika.

Allah ka ji ƙan Kawu Sada, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka saukar da shi gidan aminci. Ka ba Inna Habi haƙuri. Mu da muka rage, ka kwantar mana da ƙasarmu, ka dawo wa kowace uwa da ɗanta. Amin.