Yadda Muka Kai Ƙyauren Inna Safana

Sha ɗaya saura kwata rediyon da muke jiyowa daga gaban mota ya yi shiru. A nan na san akwai matsala. Ban ga komai ba tukuna, sai gudun a-kori-kurar da ya ragu, da matar da ke kusa da ni da ta janyo goyonta ta toshe masa baki.

Amma bari in faro daga farko, tunda ku da na bari a firamaren Batsari, Talatu da Binta, kun ce in rubuto muku yadda hanya take kafin ku biyo mu.

Batsari, bayan asuba

Kun san wata bakwai muka yi muna kwana a aji, tun da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Ruma. Da aka ce yara za su koma karatu, Kawu Lawal da ke koyarwa a Safana ya aiko cewa wata mai zanen gine-gine tana gwada wasu ɗakuna na wucin gadi, ya samar mana ɗaya ni da kakata, Inna Mairo.

Inna ta ce ba inda za ta je ba tare da ƙyaurenta ba. Kakana ne ya sassaƙa shi da itacen maɗaci. Ranar da ɓarayin suka shigo garinmu, bayansa muka lafe ni da ita, suka doke shi da gindin bindiga sau uku bai buɗe ba. Tabon yana nan.

Shida da minti goma muka isa tasha. Direba, Malam Isiya, ya dubi ƙyauren ya dubi Inna.

"Iya, mutane na gudu da awaki, ke da ƙyaure? Ina ɗakin?"

"Kai da ka aure ni ba ka gina mini ba, har kana da bakin tambaya? Ɗaura, mijin banza."

Ya ɗaura yana dariya, amma sai da ya karɓi kuɗin mutum guda a kansa. Ba mu tashi ba sai bakwai da minti ashirin, don yanzu ba direban da ke hawa hanya sai motar farko ta iso daga can ta ce lafiya.

Wagini, takwas ta gota

'Yan sa-kai suka leƙa fuskokinmu, suka janye itacen da suka gitta. Inna ta saya mana dafaffiyar gyaɗa, na ƙulle tawa a bakin zane ban ci ba. Gero ya yi tsawo dama da hagu, ya fi mutum a kan babur. Da can in na ga haka murna nake yi. Yanzu duk karan da ya motsa sai gabana ya faɗi.

Runka, goma saura

Shingen sojoji, buhunan yashi jere har ƙirji. Kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Wani soja ya ƙwanƙwasa ƙyauren, Inna ta ce masa, "Masu gida ba sa nan." Har ni sai da na murmusa.

Da za mu tashi Malam Isiya ya leƙo ya ce, "Ku ji da kyau. Daga nan ba sauran shinge sai cikin Safana. Duk wanda kuka gani a tsakani, ba na hukuma ba ne."

Gab da Safana

To, ga abin da ya kashe rediyo. A bakin hanya, can gaba, buhuna ne jere har ƙirji, sabbi fil. A bayansu mutane, kowa da dogon abu a kafaɗa.

"Innalillahi! Sati biyu da suka wuce babu wannan!" in ji Malam Isiya, ya fara ja da baya.

Mutane suka dinga dirowa suna faɗawa cikin gero. Na kama hannun Inna, ta fizge.

"Ba na barin ƙyaurena."

"Inna, don Allah, itace ne!"

Maimakon ta sauka, sai ta janyo ni ƙasan ƙyauren, inda ya jingina da buhunan wake, ta dafa kaina. Ga ni kuma a bayansa, kamar ranar nan, ƙamshin itacen ma bai canja ba. Na ji babur yana tahowa. Kun san abin da ƙarar babur take yi mana. Na rufe ido ina salati.

"Rukayya! Inna! Ku ne a ciki?"

Muryar Kawu Lawal ce, shi ne a kan babur ɗin. Buhunan da muka gani ɗakunan ne da muka zo dominsu. Dogayen abubuwan kuwa taɓare ne. Sai da aka yi rabin awa ana kiran mutane daga cikin gero.

Filin ɗakunan buhu

Mai zanen, Malama Zainab, ta taho da gudu, laka har gwiwar hannu. Ta durƙusa gaban Inna tana ba da haƙuri. Ta ce motarmu ce ta uku da ta juya a satin nan. Ita a birni ta taso, ta lissafa iska da rana da ruwan sama, ba ta lissafa abin da jerin buhu yake nufi a idonmu ba. Nan take ta sa aka fara yaɓe bangon da ke kallon titi.

Ga yadda ginin yake. Tsofaffin buhunan taki ake cikawa da ƙasa mai danshi, a jera su zagaye, a kirɓa da taɓarya har su yi tauri, a yaɓe da laka da makubar ɗorawa, a rufa da kara da zana. Ba siminti, ba kwano. Da azahar na shiga, sanyi kamar gindin randa. Filin aro ne. Ranar da gari ya lafa, a farke buhu, ƙasa ta koma gonar mai ita, kowa ya ɗauki rufinsa ya tafi gida. Har masu kasuwa sun fara zuwa kallo don rumfunansu.

Sai dai ɗakunan ba ƙyaure. Baki ne mai faɗi, sama a lanƙwashe, da asabari don iska ta ratsa.

Inna ta tsaya a waje. "'Yar nan, wannan rumfa ce. A mai da ni ajin."

Wallahi ba zan iya sake bin hanyar nan ba, kuma ba zan bar ta ta koma ita kaɗai ba.

"Iya, in an rufe, zafi zai taru," in ji Malama Zainab.

"Zafi bai taɓa shigowa da bindiga ba."

Malamar ta juya wajen ƙyauren. Ta je ta shafa tabon nan uku, ta daɗe. Sai ta kira magininta, Baba Tanko, ta tambaye shi ko zai yiwu a kafa ƙyauren a ɗakin.

"Hajiya, ginin da ake kwancewa kamar ɗaurin kaya? Ba ni awa biyu."

Ya zare buhunan bakin, ya kafa azara biyu, ya sake jerawa daidai faɗin ƙyauren, ya bar taga a sama saboda iskar Malama. Inna da kanta ta karɓi taɓarya, tana yi wa samarin tsiya wai ba su iya daka ba. Malama Zainab ta ce duk ɗakunan da suka rage haka za a yi musu.

Don haka ku taho, ku zo da taɓarenku. Na gode wa Allah, na gode wa Kawu da Malama da Baba Tanko, da Malam Isiya wanda bai tafi ba sai da ya ga an kafa. Ku gaishe da kowa a aji.

Huɗu da rabi, bayan la'asar, muka shiga. Inna ta tura ƙyauren, ta zura sakata, ta jijjiga shi sau biyu. Sannan ta juyo ta ce, "Rukayya, ci gyaɗarki. Mun iso, ba mai shigowa."

Na ci.