Abin da Ya Tashi daga Tukunya

A da, murhun gidanmu na Anka duwatsu uku ne a tsakar gida, kuma idan an gama tuwo bayan magariba ba a kashe wutar sai Kaka ta yi mana tatsuniya. Yanzu babu murhun, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ma an kwashe ta.

Kaka mahaifiyar babanmu ce, tana sayar da man shanun da take saye a rugar Fulani. Takan ɗora tukunyar ruwa ta zauna kusa, ta ce, "Ga wata nan tahe, wanda ya yi barci shi ya sani."

Wadda na fi tunawa ita ce ta bikin Wuta. Wuta ta gayyaci Raɓa da Ruwa da Man Shanu da Zinari, ta ce za ta ga wanda zai jure zama da ita. Raɓa ba ta ma iso ba, ɗumin hantsi kawai ta ji a hanya ta tashi sama. Ruwa ya zauna, ya yi rawa, ya bi Raɓa sama. Man Shanu ya daɗe kafin ya yi hayaƙi. Zinari ya narke, amma ya ƙi barin wurin. Sai Wuta ta shiga gari tana alfahari wai ta kashe Ruwa.

A nan Kaka kan ɗaga murfin tukunya ta juya mana cikinsa, ɗigon ruwa jere.

"To wanga mi ne ne? Bai mutu ba. Wuri ya sake."

Na girma na yi yawo, Yamai, Khartum, daga baya Alƙahira, inda na yi shekaru ina tafinta a wani asibiti. A can wani injiniya ya nuna mini na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki. Ya ce ana sanyaya ta da ruwan wata iska mai suna hiliyom. Ruwan sha yana tafasa a digiri ɗari. Naitirojin yana tafasa a wajen ɗari da casa'in da shida ƙasa da sifili. Hiliyom kuwa a wajen ɗari biyu da sittin da tara ƙasa da sifili, babu abin da ya riga shi tashi. Na ce a raina, ga Raɓar Kaka. Sannan ya nuna mini wani bututu da ya huda rufi. Ya ce hiliyom ba guba ba ne, amma idan ya tafasa a rufaffen ɗaki zai kore iskar numfashi, shi ya sa aka yi masa hanyar fita.

Da na dawo gida na tarar aikin zinari ya cika ƙauyuka. Sani, ɗan ƙanena, yana haɗa garin dutse da zaiba, ya dunƙule, ya ƙona a cokali a kan murhun Kaka. Zaiba tana tafasa a wajen ɗari uku da hamsin da bakwai, ta bar zinari a cokali. Matarsa Hadiza tana tuƙa tuwo a gefe, da jaririyarsu a baya.

Na ce, "Sani, zaibar nan ina take zuwa?"

Ya yi dariya. "Bappa, ta ƙone mana. Ka je Masar ka dawo da tsoron cokali?"

Washegari na sa ya fito da kayan aikinsa zuwa bayan gari, ya hura wuta ya ɗora cokalin. Na zuba ruwan randa a tasa, na riƙe ta a kan cokalin na ɗan lokaci, na kau da fuska. Da na juya gindin tasar, ga wani abu toka-toka mai sheƙi ya kwanta. Na goge da tsinke, ya taru ya zama ƙananan ɗigo.

Sani ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ke nan abin da ba ya ga tasa, yana ga hancin su Hadiza."

Ya riga ya ga yadda hannun Hadiza ke rawa idan ta ɗauki ludayi.

Muka kai ta asibiti da yarinyar, likita ya ce gubar zaiba ce. Yarinyar ta tsira, yanzu tana makaranta. Hannun Hadiza bai daina rawa ba. Sani da kansa ya tone murhun, ya kai duwatsun da ƙasar nesa da rijiya ya binne.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin labarin haƙuri, ina yaba Zinari. Yanzu murfin tukunyar nake tunawa. Tun ranar ba a sake hura wuta a wurin ba, kuma jikokinmu ba su taɓa jin tatsuniya a tsakar gidan nan ba.