Akuya a Motar Alhaji

Jiya ina tsaye bakin titin Makarfi ina jiran mota, sai wata jif mai baƙin gilashi ta watsa mini ruwan taɓo ta wuce abinta. Maimakon in zagi direban, sai ga ni ina yi wa marigayi mijina tsaki.

Duk zaman da ya yi a majalisar jiha, bai taɓa iya wuce mai tafiyar ƙasa ba. Ranar sunan ɗan ƙanwata a Ikara, na ci leshi, na sha turare, na rungumo kular waina, muka shiga mota ni da shi. Kafin mu bar Gubuchi ya ɗauki wani tsoho mai damin rake, da wata tsohuwa da akuyarta. Mota ta cika da warin akuya, ita kuwa ta kama bakin gyalena tana tauna.

Na ce, "Haba Alhaji! Mota ce wannan ko kasuwa?"

Ya ce, "Hajiya, motarsu ce fa. Su suka bi layi cikin rana suka zaɓe ni. Mu aro aka ba mu."

Bai tsaya nan ba, sai da ya sa na buɗe kular suka sa albarka. Muka isa taro ya watse, ba waina ko ɗaya. Ƙanwata ta daɗe tana gaba da ni.

Har yau gyalen nan na ci mini rai. Amma Allah ya jiƙan Alhaji. Ranar da kowa zai tsaya cikin rana yana jira, Allah ya sa kada a wuce shi.