Rigar da Inuwa Ya Cire

A Riyad ta shekarun da kuɗin mai ya fara ambaliya, garin da mutum zai shekara bai ga ruwa kwance a ƙasa ba sai na alwala, akwai wani mutum da Hausawan unguwar Baɗaha ke kira Sarkin Ruwa. Sunansa Maiwada. Da tsokana aka laƙaba masa sarautar, domin tankar ruwa yake tuƙawa, shi kuwa ya karɓe ta hannu bibbiyu, don a ganinsa ba ta yi masa yawa ba.

Basarke ne, wato ɗan gidan masunta, daga wani ƙauye a bakin gulbi kusa da Argungu, inda yaro ke iya iyo kafin ya iya ɗaura wando. Ya baro gida da matarsa Sabuwa wajen 1966, suka ratsa Sudan a bayan manyan motoci, suka tsallaka Bahar Maliya a jirgin alhazai. Wannan tsallakawar ita ce iyakar saninsa da teku, kuma ko ita a kwance ya yi ta yana kelaya amai, bai ko leƙa waje ba. Amma idan yana ba da labarin tafiyar, wannan ɓangaren ba ya fitowa.

Bayan 'yan shekaru yana buga-buga a Makka, sai ya ji ana neman direbobi a Riyad, ya tattara suka koma. A lokacin unguwar Ulaya fili ce ana ta haƙa, ko'ina ƙura da ƙarafan gini. Maiwada kan tsaya da tankarsa yana cika wa magina durom, bakinsa kuma ba ya hutawa. Giwan ruwan da ubansa ya kama kullum ƙara girma yake, har sai da ya kusa kai tsawon tankar. Mutumin kirki ne, mai kyauta, mai son mutane, sai dai idan aka zo kan maganar ruwa ba ya yarda wani ya san abin da bai sani ba.

Da kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a kan takardar zama, ya ga Larabcinsa ya nuna, sai ya sauke shi daga tanka ya zaunar da shi a ofishinsa na unguwar Nasiriya a matsayin tafinta. Aikin ofishin shi ne tara leburori a tura su gabas ta jirgin ƙasa, daga can a kai su dandamalin ƙarfe da ke tsakiyar teku inda ake haƙar mai, su kankare tsatsa, su yi fenti, su ɗauki bututu. Kamfanin da ke karɓarsu yana da doka ɗaya: kowane sabon lebura sai ya yi kwana uku ana koya masa yadda zai tsira idan ya faɗa teku. Wanda kawai ake ɗauke wa shi ne wanda ofishin Riyad ya buga wa hatimi cewa ya taɓa aikin teku. Maiwada ya sha yi wa wannan horo dariya. Wai ƙarti da gemunsu a saka musu riga ruwan lemo mai hana nitsewa a jefa su tafki suna wutsil-wutsil.

A ƙarshen 1976 ƙanin Sabuwa ya iso. Inuwa sunansa, ɗan shekara ashirin da bakwai, dogo, mai faɗin ƙirji, wanda a gida idan taru, babbar ragar kamun kifi, ya maƙale a ƙarƙashin ruwa shi ake kira. Sabuwa ta bar shi yana saurayi, yanzu ga shi magidanci har da 'ya'ya biyu. Kwana uku ta yi ba ta gaji da kallonsa ba, tana tura masa tuwo tana tambayarsa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Maiwada ya yi ta zirga-zirga har iƙamar Inuwa, wato takardar zamansa, ta fito, aka sa sunansa cikin masu tafiya teku.

Ranar da aka tara su a ofis, Maiwada na fassara musu sharuɗɗa, da ya zo kan horon kwana uku sai Inuwa ya ɗago kai.

"Yaya, mi za su koya min?"

"Yadda ake zama cikin ruwa."

"Ni?" Inuwa ya dubi sauran, akasarinsu mutanen tudu ne da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. "Tare da waɗanga? In labari ya kai gida, da wane ido zan dubi mutane?"

Maganar ta sosa wa Maiwada inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ɗauki takardar Inuwa ya shiga wurin mudir, shugaban ofishin, ya ce wannan a ɗauke masa. Mudir ya tambaye shi ko yaron ya taɓa aikin teku. Maiwada ya fahimci tambayar sarai, ya kuma san Inuwa bai taɓa tsoma ko yatsa a ruwan gishiri ba. Amma a ransa ruwa ruwa ne. Ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi ya mudir, wannan shi zai koya wa malaminsu." Mudir ya ce, "Halas," wato shi ke nan, ya buga hatimi. Ba a ɗauki minti biyu ba.

Sabuwa ta raka su har tashar jirgin ƙasa da ƙullin soyayyen nama. Ta ce wa ƙaninta ya yi hankali. Maiwada ya yi dariya ya ce, "Ki yi wa tekun wannan gargaɗin."

Mako shida bayan haka, cikin sanyin Janairu, aka bugo waya ofis. Ƙaramin jirgin da ke kai leburori daga masaukinsu zuwa dandamali ya kife da hantsi. Mutum goma sha ɗaya ne a ciki, an tsamo goma da rai. Maiwada ko a mafarki bai kawo Inuwa ba. Ya fara lissafa mutanen tudu a ransa, yana tunanin wanne ne a cikinsu. Da mudir ya faɗi sunan, sai da ya sa aka maimaita masa sau uku.

Wanda ya kawo cikakken labarin Basiru ne, wani siririn mutumin Damagaram da ke tsoron ko rijiya ya leƙa. Ya zo ofis bayan kwana biyar da leda a hannu, ya zauna a ƙasa ya ƙi hawa kujera.

Ya ce iskar arewa ce ta taso farat ɗaya, wadda mutanen can ke kira shamal. Kafin su ankara igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta kifar. Kowa da rigarsa a jiki, don ba a shiga jirgi sai da ita. "Malamin da ya koya mana ya ce abu uku," in ji Basiru. "Kada ka cire riga. Kada ka yi iyo, ko da kana ganin wurin da za ka, don ruwan zai shanye ƙarfinka, sanyi ya ƙarasa ka. Ku kama juna ku yi zobe ku jira, mai nema ya fi ganin taro. Mu da ba mu iya komai ba, shi muka yi."

"Inuwa fa?"

"Shi ya tattaro mu, Alhaji. Ni ma shi ya jawo ni. Da ya ga mun kama juna, sai ya hango dandamali, ya ce ga shi nan kusa, bari ya je ya kira taimako. Ya fara kwance igiyoyin rigar. Na ce masa an ce kar a cire, an ce kar a yi iyo. Ya ce wa ya ce? Na ce malami. Ya yi dariya ya ce su a garinsu ba a shiga ruwa da tufafi, rigar tana riƙe masa kafaɗa. Ya miƙo min ya ce in riƙe masa."

Basiru ya ce sun ga kansa yana ɓullowa yana nitsewa tsakanin igiyoyin ruwa, yana iyo mai kyau wanda bai taɓa ganin irinsa ba, amma ruwan na jan sa gefe. Can suka daina ganinsa. Bayan awa biyu jirgin ceto ya same su a dunƙule, suna karkarwa. An yi kwana uku ana neman Inuwa, ba a samu ko gawarsa ba.

Ya buɗe ledar ya fito da rigar. Ba ta yage ba, ba ta tsinke ba. An kwance igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, a tsanake.

Maiwada ya karɓe ta ya riƙe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a gida ma masunci ba ya rabuwa da gorar da yake kwanciya a kanta cikin gulbi, komai gwanintarsa. Da an zaunar da Inuwa kwana uku an nuna masa cewa wannan rigar ita ce gorarsa a teku, da ba zai sake ta ba. Yaron ba wawa ba ne, ba a faɗa masa ba ne kawai.

Ga Sabuwa kuwa, Maiwada cewa ya yi jirgi ya kife, ajali ya yi kira. Ta yi kuka ta yi haƙuri, har ita ke ba shi baki, tana cewa ya yi wa ƙaninta duk abin da ɗan'uwa zai yi. Duk ranar da ta faɗi haka sai ya ture abincinsa gefe.

Daga nan Maiwada ya canza. Labarin giwan ruwa ya mutu. Wanda ya kira shi Sarkin Ruwa sai ya ga kamar bai ji ba, har mutane suka bari. Ya rataye rigar a ƙusa bayan teburinsa, kuma duk leburan da ya zo yana cewa ya iya iyo, shi ne Maiwada ke fara rubutawa a jerin masu horo. Wani ya yi fushi, wani ya zage shi a bayan ido. A shekara ta biyu ya roƙi mudir ya tura shi gabas shi ma, ya shiga tafkin nan da furfurarsa, da riga ruwan lemo, samari na ƙyalƙyala dariya. Ya yi kwana ukunsa cif, ya ga abin da aka koyar bai fi abin da Basiru ya faɗa ba. Wannan ya ƙara masa ciwo, ganin ƙanƙantar abin da ya hana Inuwa.

Sai da ya dawo daga can ya iya faɗa wa Sabuwa. Da la'asar ce, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya ajiye rigar a gabanta, ya ba ta labarin tun daga hatimin har zuwa dariyar Inuwa, bai rage komai ba. Hannunta ya tsaya cikin faranti.

"Shi ya ce ba ya so, ko kai ka ce?"

"Shi ya fara. Amma ni ne babba, kuma ni na shiga wurin mudir."

"Don me, Malam?"

"Don kada ya ji kunya."

Sabuwa ta jawo rigar ta ɗora a cinya. Ta kama igiyoyin tana ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ta ƙarshe, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Kunyar kwana nawa ce?"

"Uku," in ji Maiwada.