Mamaci ya yi jawabi a taron burtali

Jama'a, yau a Allakaye na ga taron da mamaci ya yi jawabi!

Kan burtali munka taru, hanyar da shanu za su bi su sha ruwa ba su faɗa gonaki ba. Bara har sanda ta yi aiki tsakanin manoma da makiyaya, ga damina ta matso. Ni ne marubucin taro.

Sai ga wani mushe, wato ma'aikacin gwamnati, daga Buza wai shi zai shugabanta, da tabarau da ƴar jakarsa, yana hura hanci. Ina buɗe littafina ya ce, "Aje alƙalaminka, malam. Na buga komi tun daga biro, can ofis. Haka ake aikin zamani."

Ko gaisawa ba a gama ba fa! Ya miƙo mini takardar, wai in karanta da Hausa. Na karanta: "Maigari ya yarda. Arɗo ya yarda. Dattijo Shaibu ya miƙe ya yi jawabi, shi ma ya yarda."

Shekaranjiya munka binne Baba Shaibu!

Na raɗa mishi. Ko kunya babu, ya fiddo tawada ya ce, "Ba komi. Kowa ya zo ya dangwala yatsa gaban sunansa."

Arɗo, babban makiyaya, ya ɗauki sandarsa ya miƙe.

Ya ce, "Mushe, mu nan ba a riga babba. Tashi mu raka ka makabarta, Shaibu ya fara."