Zakaran Falon Yayata

Mijin yayata kafinta ne, ko da yake kujerar falonsu ƙafa uku gare ta, bulo ne ke tare gefe guda. Tun yana saurayi yake bin shagunan wasan gem, inda ake harbo jiragen sama a allo. Da ya ji ana iya sauke irin waɗannan wasanni a na'urar gida, sai ya sayo ta ya jona da talabijin. Tun daga nan ƙura ta gaje shagonsa.

A tsaye yake bugawa, wai zama na ragwaye ne. Yana kauce wa harsashi da kai, tumbi na rawa. Kullum bakinsa yabon wasan: "Ƙanwata, wannan babu dogon labari. Ka mutu, ka tashi, ka sake. Yanzu-yanzu an gama!" Yanzu-yanzun nan takan cinye wuni guda.

Rannan ya ƙwala mini kira in zo in ga sunayen gwanaye a allo. Duk nasa ne daga sama har ƙasa, don ba ya barin kowa ya taɓa na'urar.

Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ne na ɗaya!"

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya. Na ƙarshen ma kai ne."